Da gaske ana kashe dabbobin da ba a ɗauka ba a gidajen ajiye dabbobi na Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni da maigidana da yaranmu muna zaune a jihar Texas ta Amurka. Yara sun dame mu sai an kawo musu kyanwa. Mun yi niyyar zuwa gidan ajiye dabbobi na hukumar garinmu, sai maƙwabciyata ta ce kar mu kuskura, wai can kashe su ake yi idan ba a samu mai ɗauka ba, gara mu nemi gidan da ya rubuta cewa ba ya kisa. Da gaske ne ana kashe su? Wanne ya kamata mu je, kuma me za mu duba kafin mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, ana kisa, kuma Texas da Kalifoniya suna cikin jihohin da adadin ya fi yawa. Sai dai shawarar da ta ɗora a kai ta zo a baibai. In dai ceton rai ne damuwarki, gidan da ta hana ki zuwa shi ya fi buƙatar ganin ƙafarki.

Gidajen nan iri biyu ne, kuma bambancinsu yana bakin ƙofa. Na hukuma, ko wanda hukuma ta ba kwangila, doka ce ta ɗora masa karɓar abin da aka kawo daga yankinsa. Karen da ya ciji ɗan makaranta nasa ne. Kyanwar da mota ta take, da tsohon karen da mai shi ya rasu magada suka ƙi, da maguna masu yawa da 'yan sanda suka kwaso daga gidan wanda ya tara su ya kasa ciyarwa, duk can za a sauke su, ko da keji ko babu. Ɗaya irin kuwa yawanci na ƙungiya ne mai zaman kanta. Yana da ikon ya duba dabba ya ce a'a, ko ya ce ya cika, a rubuta suna a jira. Wadda ya mayar ba ɓacewa take yi ba, gidan hukuma za ta ƙare, ko a yar da ita a bakin titi. Abin kamar asibitin kuɗi ne da yake tura duk wanda jikinsa ya yi tsanani zuwa asibitin gwamnati, sannan ya riƙa alfahari cewa ba a mutuwa a gadonsa. Ba zargin masu ƙungiyoyin nake yi ba, da yawansu daga gidan hukumar suke zuwa su kwaso dabbobi don a samu fili, kuma aiki ne mai kyau. Amma a ce wancan gidan mugaye ne, wannan na masu imani, rashin adalci ne.

Shi kansa laƙabin "ba ma kisa" ba ya nufin ba a kashe ko ɗaya. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a Amurka shi ne kashi 90 cikin 100 na dabbobin da suka shigo su fita da rai. Ƙungiyar Best Friends Animal Society, mai babban matsuguni a Kanab ta jihar Utah, ita ta fi yayata wannan ma'auni, har a 2016 ta sa wa kanta burin kai ƙasar gaba ɗaya wannan mataki zuwa 2025. Ragowar kashi 10 an bar su ne don dabbar da ciwonta ba ya jin magani ko wadda ta zama haɗari ga mutane. A 2004 shugabannin ƙungiyoyin dabbobi suka zauna a Asilomar ta Kalifoniya suka amince da yadda za a riƙa rarraba dabbobi a takarda: mai lafiya, wadda za a iya warkarwa, wadda za a iya lallaɓawa da ciwonta, da wadda babu yadda za a yi da ita. Tsarin ya taimaka, amma ki lura da inda gizo ke saƙa: mutum ne yake yanke hukuncin rukunin da dabba za ta faɗa. Kyanwa mai makero a gidan da yake da ɗakin keɓewa da kuɗin magani, wadda za a warkar ce. Ita ɗin dai, a gidan da babu ɗakin, tana iya shiga rukunin ƙarshe. Gidan da ya ƙwallafa rai a kan kashi 90 kuma yana da hanya mafi sauƙi ta kare lissafinsa, wato ya rage abin da yake karɓa.

Duk da haka masu gwagwarmayar rage kisan sun cancanci yabo, domin an taho daga nesa. A shekarun 1870 a birnin New York, karnukan da aka kama a titi ake zubawa cikin kejin ƙarfe a dulmiya su a kogin East River. A 1869 ne Caroline Earle White da wasu mata suka kafa ƙungiyarsu a Filadelfiya, wadda ta buɗe gidan da ake ɗauka shi ne matsugunin dabbobi na farko a ƙasar. Ko a shekarun 1970 ƙiyasin karnuka da magunan da ake kashewa a gidajen nan duk shekara ya haura miliyan 12. A 'yan shekarun nan dabbobi kimanin miliyan 6 ne ke shiga a shekara, waɗanda ake kashewa kuma ba su kai miliyan 1 ba. San Faransisko ta nuna hanya a 1994 lokacin da ƙungiyar hana cin zalin dabbobi (SPCA) ta birnin, ƙarƙashin Richard Avanzino, ta ƙulla yarjejeniya da gidan hukuma cewa za ta karɓi duk lafiyayyar dabbar da ba a samar wa gida ba. A Texas ɗinku, birnin Austin ya kai kashi 90 a 2011. Amma abin da ya fi rage kisan ba a cikin gidajen ya faru ba. Fiɗiya ce. Da aka sauƙaƙa kuɗin dandaƙar maza da cire wa mata mahaifa, haihuwar da ba a so ta ragu, shigowa ta ragu.

To wa ake kashewa, kuma ta yaya ake zaɓa? Dabbar da aka tsinta ba a taɓa ta nan take. Akwai kwanakin jira da doka ta gindaya ko mai ita zai zo, yawanci kwana 3 zuwa 7, ya danganta da jiha ko gari. A Ingila kwana 7 ne ga kare. Karnuka da dama masu su kan zo, maguna kuwa ƙalilan ne ake biyo sawunsu. Wadda mai ita ya kawo da hannunsa ya sa hannu ya sallama, a wurare da yawa ba ta da waɗannan kwanaki, kuma mutane ba su cika sanin haka ba sai bayan sun fita.

Daga nan sai lissafin fili, wanda shi ne zuciyar maganar. Ki ɗauka gida yana da keji 100, kullum dabba 10 ke shigowa. Idan kowace tana fita cikin kwana 10, gidan zai riƙe kansa. Idan zaman ya koma kwana 20, keji 200 ake buƙata, alhali ko dabba ɗaya ba ta ƙaru a masu shigowa ba. Cunkoso kuma shi ke kawo cuta. Kyanwa dabba ce da firgici ke kayarwa: ki sa ta a ɗan keji kusa da haushin karnuka, cikin mako guda sai ki ga atishawa, majina, ido ya kumbura, ta daina cin abinci. A ɓangaren karnuka cutar farbo, mai sa kwikwiyo amai da zawon jini, tana iya bin ɗaki guda ta gama da shi. Dabbar da ta shigo lafiya ta kamu, ba mai ɗaukarta, zamanta ya ƙara tsawo, ta toshe wa na bayanta wuri. Shi ya sa likitoci irin su Kate Hurley ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka daɗe suna jan hankali cewa gida ya san iyakar abin da zai iya kula da shi, ya kuma gaggauta fitar da dabba maimakon ƙara keji.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne manyan karnuka, musamman masu kama da fitbul, wani irin ƙaƙƙarfan kare da masu gidajen haya ba sa yarda da su, sai tsofaffi, sai marasa lafiya, sai kuma 'yan jariran kyanwa, abin da kan ba mutane mamaki. Da ɗumi ya fara shigowa sai ki ga ana ta sallama da kwali. A buɗe, 'ya'ya huɗu ko biyar a dunƙule kan tsohon tawul, ido bai buɗe ba, cibiya ba ta faɗi ba, jiki ya yi sanyi. Mai kawowa ya gan su a bayan gareji ya ɗauka marayu ne, alhali sau da yawa uwar ta fita neman abinci ne kawai. Irin waɗannan sai an ba su madara ta musamman duk bayan awa 2 zuwa 3, dare da rana, a ɗumama su, a shafa musu gindi da auduga mai ɗumi kafin su iya fitsari da kashi. Gidan da ake rufewa ƙarfe 6 na yamma ba shi da mai yin wannan. In ba a samu wanda zai tafi da su gida ba kafin a tashi, ƙarshensu allura. Saboda haka in kin ga irinsu a unguwa, a bushe suke, cikinsu a cike, ba su cikin haɗari, ki ja baya ki ba uwar sa'o'i ta dawo.

Yadda ake yi kuwa, tunda kin tambaya gara ki ji. Maganin sa barci ne mai suna fentobabital, ake ba da shi fiye da ƙima. Dabbar da ta firgita akan fara yi mata wata allurar ta kwantar da ita. Mutum ɗaya ya rungume ta yana shafa kai, ɗaya ya aske ɗan gashin ƙafar gaba, ya nemo jijiya ya tura. Cikin daƙiƙu hankali ya gushe, jiki ya saki, numfashi ya tsaya, zuciya ta bi baya cikin 'yan mintuna. Sai a sa abin sauraron ƙirji a tabbatar kafin a ɗauke. Ɗakin gas da ake amfani da shi a da, kusan ko'ina an daina. Masu wannan aiki galibi son dabbobi ne ya kawo su, su ne suka ciyar da ita da safe, wasu har suna suka raɗa mata. Da yawa ba su daɗewa a aikin. In kin je kada ki kalle su da idon maƙwabciyarki.

Ni a ganina akwai abin da ya fi wannan allurar muni, kuma shi ne ake samu idan an hana kisa ba a tanadi kuɗi da fili ba. Jamus ta haramta kashe dabba ba tare da dalili mai ƙarfi ba, ta ma shigar da kariyar dabbobi cikin tsarin mulkinta a 2002, kuma abin yana tafiya domin karnukan titi kusan babu, ana biyan harajin kare. Italiya ta hana kashe karnukan titi masu lafiya tun 1991, amma a kudancin ƙasar sai aka wayi gari da manyan gidajen da kare zai shekara da shekaru a kan siminti, ba mai ɗauka, ba mai fita da shi. Karen da ya daɗe haka za ki gan shi yana zagaye a wuri ɗaya, yana lasar ƙafa har ta zama gyambo. Mu da muka tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, bai kamata mu ɗauka cewa barin numfashi kaɗai shi ne jinƙai ba. Hukuncin kashe dabba don a hutar da ita daga ciwo kuwa maganar malamai ce, ki kai musu. Abin da na sani na aikina shi ne kyanwar da ƙodarta ta gama lalacewa tana shan wuya, kuma jinkiri ba ya ƙara mata komai sai wuyar.

A gida Najeriya da Nijar maganar ta sha bamban, don matsalarmu ba cikar keji ba ce, haukan kare ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da cutar duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma cizon kare ne sanadin kusan dukkansu. Bin karnuka da guba ba ya kashe ta, wasu ne ke cike gurbin. Abin da aka ga yana aiki shi ne yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi. Wannan zance ne na wata rana.

Mu koma kan kyanwarku. Ki je gidan hukumar, kuma ki tambayi ma'aikata wacce ta daɗe. Yara za su ruga wajen 'yan ƙanana, amma ƙanana ba su rasa masu ɗauka da zarar sun kai mako 8. Ga gida mai yara na fi son babba, mai shekara 2 zuwa sama. Halinta ya riga ya zauna, abin da kika gani shi za ki samu, ta wuce shekarun hawa labule da yagar kujera, kuma ta fi jure hannun yaro. Ki nemi a shigar da ku ɗakin ganawa ku zauna a ƙasa. Wadda ta zo ta goga kumatu a gwiwar yaro, ta bari aka shafa bayanta har wutsiya ba ta juyo da haƙori ba, ita ce taku. Wadda ta lafe a lungun keji ba lallai mugun hali gare ta ba, tsoro ne, amma ta fi dacewa da gidan da babu hayaniya.

Kafin ki sa hannu ki karɓi takardar lafiyarta ki karanta. An yi mata fiɗiya? An yi rigakafin haukan kare, wanda doka ce a Texas har ga kyanwa, da rigakafin nan mai haɗa cututtuka uku? An ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma? An gwada jininta don FeLV da FIV, cututtuka biyu masu raunana garkuwar jikin kyanwa? Waɗannan biyun ba sa kama mutum, kuma mai FIV tana iya shekaru lafiya lau a cikin gida, amma ki sani kafin ki ɗauka. Ki tambayi dalilin zuwanta: tsintuwa ce, ko masu ita ne suka kawo, me suka ce? In fitsari a kan gado ne ya sa aka kawo ta, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko ƙazamin akwatin yashin da take bayan gida a ciki, kuma yana gyaruwa. Kuɗin da za a karɓa a hannunki yawanci bai kai abin da za ki kashe ba in da kanki za ki yi waɗannan a asibitin dabbobi, kuma idan gidajen sun cika sukan rage ko su yafe. Maganar fiɗiya kada ta tsaya miki a rai. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 ko 5, cikinta wata 2 ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Muzurun da ba a dandaƙe ba kuma zai bi bangon ɗaki da fitsari mai warin da ba za ki so a inda kuke salla ba.

In kuna shakka, ku fara da riƙon ƙwarya. Gidaje da yawa suna ba da dabba na mako biyu ko wata guda, wasu har da abinci da magani. Keji ya samu fili, ku kuma ku gane ko wani yaro yana da asma ko ƙaiƙayin da gashin kyanwa ke tayarwa. Na fi son wannan da ɗaukar tausayi, irin ta wanda ya ga hoto an rubuta saura kwana biyu, ya ruga ya ɗauko, bayan wata guda ya mayar. Kyanwar cikin gida tana kai shekara 15, wasu su wuce. Ki duba takardar hayarku, masu gidaje da dama suna hanawa ko su ƙara kuɗi duk wata. Ki yi tunanin hutun makaranta, lokacin da iyali kan tafi gida wata biyu, ko tafiyar Umara da Hajji: wa zai riƙe ta? Kuma maigida ya amince da bakinsa, domin yaran da suka yi alkawarin kwashe kashi za su manta kafin wata ya ƙare, aikin kanki zai dawo.

Ranar da kuka kawo ta, kar a sake ta cikin gida gaba ɗaya. Ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, ruwa da abinci a gefe guda, akwatin yashi a ɗaya gefen, da kwalin da za ta ɓuya. Tana iya kwana biyu a ƙarƙashin gado, ki hana yara jawo ta. Amma in ta wuce kwana 2 ba ta ci komai ba ki kira likita, domin yunwa tana taɓa hantar kyanwa da sauri, musamman mai ƙiba. Atishawa a makon farko abu ne da aka saba gani. Kada a kuskura a ba ta Panadol ko Tylenol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Furen lili da ake kawowa cikin kwalliyar furanni yana lalata mata ƙoda, ko garin furen ta lasa. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa ba nata ba ne. In kina da juna biyu, wani ya riƙa kwashe yashin kullum saboda cutar toksofilasma, ba sai an rabu da kyanwar ba.

Da kare kuka nema da na ja miki kunne fiye da haka. Gwajin hali da ake yi wa kare a cikin gidajen nan, irin a tura hannun roba cikin kwanon abincinsa a ga ko zai kai cizo, bincike ya nuna bai cika faɗin yadda zai kasance a gida ba. Abin da ya fi amfani shi ne tarihin cizo da bayanin wanda ya taɓa riƙonsa a gida, kuma ki nemi a ba ki a rubuce. Gidan da yake fafutukar riƙe kashi 90 ɗinsa yakan lulluɓe magana, ya ce kare "yana son gidan da shi kaɗai ne" ko "ya fi son manya". Mai ƙananan yara ta ji haka ta wuce.

Yawancin gidajen suna saka wa dabba wata 'yar ƙwayar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu, kafin su miƙa ta. Lamba ce kawai a ciki, ba ta nuna inda dabba take. Sai kin shiga intanet kin yi rajistar lambar da sunanki da wayarki, kin kuma sabunta duk sanda kuka tashi daga gida ko kika canza layi. In ta ɓace aka kai ta gidan hukuma, na'ura za a ɗora mata a karanta lambar, a kira ki tun kwanakin jiran ba su ƙare ba. In kuma zaman ya ƙi, ki duba yarjejeniyar da kika sa wa hannu, galibi ta ce can za ki mayar da ita. Ki mayar, ki faɗa musu gaskiyar abin da ya faru da abin da take so da wanda ba ta so, don su san gidan da za su ba na gaba.